Dala hamsin da tambayar amana a Dungeons & Dragons

Dungeons & Dragons wasa ne na ƙirƙirar labari da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Mutane su kewaye tebur, ɗaya ya riƙe ragamar labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi, ƙwayar ludo mai fuska 20 ta yanke hukunci. Littattafan dokoki uku ne ginshiƙinsa. Da kamfanin Wizards of the Coast ya sabunta su daga Satumba 2024 zuwa Fabrairu 2025, sai gardama ta kaure tsakanin masoya wasan: shin sun cancanci kuɗinsu?

Idan lissafi kawai za mu bi, kamfanin yana da hujja. A 2014 an sayar da kowane littafi dala 49.95, sabon kuwa dala 49.99, duk da tsadar rayuwa ta shekara goma. Littafin 'yan wasa ya tashi daga shafi 320 zuwa 384. Tsarinsa ma ya fi na da: ya fara da koya wa baƙo yadda ake wasan kafin ya sa shi ƙirƙirar jarumi, ya kuma tattara ma'anar dokoki wuri guda a ƙarshe. Ga sabon shiga, wannan ciniki ne mai kyau.

Amma mu a ganinmu, wanda ya mallaki bugun 2014 yana da dalilin ƙorafi. Kamfanin ya ce wannan ba sabon bugu ba ne, gyara ne da zai tafi tare da tsofaffin littattafai. To, in gyara ne, me zai sa mutum ya sake fitar da kusan dala 150? In kuma canjin ya kai a sake saye, me ya hana a kira shi da sunansa?

Tushen rigimar amana ce. A Janairu 2023 kamfanin ya yi yunƙurin sauya lasisin da ya ba ƙananan marubuta damar wallafa nasu labaran wasan. Sai da masoya suka yi ca a kansa ya janye. A Agusta 2024 ya sanar da maye gurbin tsofaffin dokokin tsafi da sababbi a manhajar D&D Beyond, ya sake janyewa bayan suka. Wanda maciji ya sara, in ya ga igiya sai ya gudu. Mai littafin takarda ya san abin da ke kan kantarsa nasa ne; mai kwafin intanet kuwa ya gane cewa ana iya taɓa masa kaya ba da izininsa ba.

Hukuncinmu: sabon shiga ya sayi sabon. Wanda tsohon littafinsa ke tara masa abokai duk mako, ya riƙe kuɗinsa.