Jinjina ga Masu Ƙirga Ƙwayoyin Jini

Mai ɗauke da ƙanjamau daga Zango, Baure ko Mai'aduwa ya miƙa hannu a ɗebi jininsa, ya koma gida. Sauran aikin yana hannun ma'aikatan ɗakin gwaji, Allah ya saka musu da alheri. Su ke rina fararen ƙwayoyin jini da sinadari mai ƙyalli, na'ura ta bi da su ɗaya bayan ɗaya ta gaban hasken leza. Allon kwamfuta ya cika da ɗigo-ɗigo kamar an watsa gero a tabarma. Nan gwaninta take: a ware tarkace, a zagaye rukunin fararen ƙwayoyin da ake kira CD4 daidai. In sun gaza 200 a maikurolita ɗaya na jini, likita ya san garkuwar jiki ta raunana ƙwarai, sai ya gaggauta ƙarin kulawa.