Wa Zai Ce Amin?

Ɗan'uwa mai karatu, idan ka daɗe ba ka yi Lahadi a Gusau ba, za ka tarar masu sujada sun sauya. A da yawancin Kiristan garin ma'aikata ne da 'yan kasuwa waɗanda layin dogo ya kawo daga kudu. Yanzu a cikinsu akwai manoma Hausawa da 'yan bindiga suka raba da gonakinsu a ƙauyukan Tsafe da Bungudu. Dominsu nake so mu duba sujadar wata sabuwar majami'a da na halarta a gefen garin. Ba zan ambaci sunanta ba, gama abin da na gani bai tsaya a kanta kaɗai ba.

Bari a fara da yabo. Tun 1999 da aka ƙaddamar da Shari'a a Gusau, samun filin gina majami'a bai zama da sauƙi ba, saboda haka duk ikkilisiyar da ta kai ga ɗora kwano ta sha wuya. Zumuntar Mata sun raira da Hausa, da tulu da kacau-kacau, har ɗakin ya ɗauka. Sa'an nan wani dattijon ikkilisiya ya yi addu'a domin waɗanda ke hannun masu garkuwa, yana kiran sunayensu ɗaya ɗaya, bai yi gaggawa ba. A nan ne jama'a suka zama jiki guda.

Da fasto ya hau mumbari sai aka koma Turanci. Wa'azin ya kusa awa guda, lasifika na tsage kunne, babu tafinta. Ka dubi bencin baya: tsofaffi mata da magidanta sun sunkuyar da kai, suna jiran na gaba su ce Amin su bi baya. Faston mai baiwa ne, ya kuwa jere ayoyinsa daidai. Amma Manzo Bulus ya riga ya yanke wannan magana a 1 Korintiyawa sura 14, inda ya fifita kalmomi biyar da za su koyar a kan dubu goma da ba a ganewa, ya kuma tambayi yadda baƙo zai amsa godiyar da bai fahimta ba. Maganar harsuna yake yi, na sani, amma ga tsohuwar da ta taso a ƙauyen Tsafe, Turanci da baƙon harshe duk ɗaya ne. A Nehemiya sura 8 ma Lawiyawa ba su tsaya ga karatu ba, sai da suka bayyana wa jama'a ma'anarsa.

Ba mu da hujjar rashin kayan aiki. Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa tun 1932, Littafin Waƙoƙi kuwa yana cikin jakar kusan kowace uwa. Da harshen nan Bishara ta shiga gidajen kakanninmu. Mai yiwuwa ka ce akwai Ibo da Yarabawa a cikin taron. Gaskiya ne, su ma suna da hakkin ji. To, wanda ya shekara ashirin yana ciniki a kasuwar Gusau yana jin Hausa fiye da yadda manomin Bungudu ke jin Turanci.

Baiko ya fi damuna. Sau uku aka zaga, na ƙarshe domin gini, ana shelar suna da adadi ana tafi. Ka tuna akwai wanda ya sayar da shanun nomansa ya biya kuɗin fansar ɗansa. Me ake so ya ji a ransa? Yaƙub ya tsauta wa masu ba mai zoben zinariya kujerar gaba su bar matalauci a tsaye, lasifika kuwa tana iya yin aikin kujerar nan sarai.

Idan kai dattijo ne ko fasto, Lahadi mai zuwa ka bar kujerarka ka zauna a bencin baya har a tashi. A bakin ƙofa ka tambayi tsofaffi biyu abin da wa'azin ya ce. Idan suka amsa da murmushi kawai, ka nemo tafinta a cikin matasa, a kuma daina shelar adadin baiko.