Balaga da Hujja a Littafin Darwin Kan Asalin Jinsunan Halittu

An daɗe ana ɗaukar balaga a matsayin gonar mawaƙa da masu huɗuba, shi kuwa masanin kimiyya a ce gwaji da lissafi sun wadatar da shi. Littafin da Charles Darwin ya buga a Landan a 1859, watau On the Origin of Species, ya isa ya rushe wannan zato.

Abin da Darwin ke son tabbatarwa, watau sauyawar jinsunan halittu a cikin dogon zamani, ba a iya nuna shi ga ido. Saboda haka sai ya koma ga ƙiyasi. Ya fara da dabbobin gida, musamman tantabaru, waɗanda shi kansa ya kiwata, domin mai karatu ya riga ya yarda cewa makiyayi kan sauya kamannin garkensa ta hanyar zaɓen waɗanda za su hayayyafa. Sai da wannan ya zauna sannan ya ce haka abin yake a dawa. Har ila yau, ya keɓe babi na shida ga sukar da za a iya yi masa, ya kawo ta da bakinsa, ya amsa. Wannan tsari shi ne ƙashin bayan hujjarsa.

To, amma ƙiyasin yana da aibi. Makiyayi yana da nufi, yanayi kuwa ba shi da shi, ga shi kalmar zaɓe tana sa a zaci akwai mai zaɓen. A 1866 Alfred Wallace ya rubuta wa Darwin yana nuna masa wannan ruɗani, ya ba shi shawarar ya ɗauki lafazin Herbert Spencer mai nufin wanzuwar mafi dacewa. Darwin ya shigar da shi cikin bugu na biyar a 1869.

Gyaran bai kashe rigimar ba. Tun asali daga littafin Thomas Malthus na 1798 kan yawan jama'a Darwin ya samo tunanin gwagwarmayar rayuwa. Daga baya wasu masu nazarin zamantakewa suka mayar da tunanin gida, sanye da rigar kimiyya, suka kafa hujja da shi cewa danne mai rauni dokar halitta ce.

Ke nan wajibi ne manazarci ya bi diddigin kamancen da aka gina bincike a kansa, ya gano inda ya yi daidai da kuma inda ya tsaya.