3.4 Matsayin Almara a Cikin Ganɗoki da Ruwan Bagaja

Duk mai son nazarin ƙagaggun labaran Hausa masu ɗauke da almara, ya kamata ya fara da littattafai biyu da suka fito daga gasar da Hukumar Fassara ta shirya a Zariya a shekarar 1933, ƙarƙashin jagorancin Rupert East. Littattafan su ne Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na yayansa, Bello Kagara. An buga su duka a 1934. Sau da yawa akan ɗauki aljanu da tsafe-tsafen da ke cikinsu a matsayin abin nishaɗi kawai. Wannan nazari bai yarda da haka ba, musamman game da Ganɗoki.

A Ruwan Bagaja, almara hanya ce ta raha. Alhaji Imam ya bar Kwantagora don neman ruwan da zai warkar da ɗan Sarki, amma abin da ya fi zama a zuciyar mai karatu shi ne ramuwar gayya tsakaninsa da Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Ko da an rage aljanun, labarin zai tsaya da ƙafarsa.

A Ganɗoki kuwa ba haka abin yake ba. Marubucin ya fara da tarihi, wato yaƙin da Turawa suka yi da Bida da Kwantagora a 1901. Tauraron jarumi ne, amma takobi bai iya da bindiga ba. Sai bayan an ci ƙasarsa ne labarin ya kai shi duniyar aljanu, inda ya yi ta samun nasara yana musuluntar da waɗanda ya ci da yaƙi. Ke nan nasarar da tarihi ya hana shi, almara ce ta ba shi. In aka cire wannan ɓangare, ba abin da zai rage sai labarin kaye.

Duk da haka littafin yana da rauni, domin yaƙe-yaƙen aljanun sun riƙa maimaita juna, har zaren labarin ya yi sako-sako. Saboda haka, mai neman daɗin salo da iya sarrafa harshe sai ya nufi Imam. Wanda kuma yake son ganin yadda marubuci ya yi jimamin zuwan Turawa a cikin littafin da hukumar Turawan da kanta ta buga, to Kagara ne ya fi dacewa da shi.