A kan asalin kalmar «křesťan» ta harshen Cek: suka ga gajeren bayanin ƙamus

Ƙananan ƙamusoshi sukan taƙaita tarihin kalmar křesťan, wato Kirista a harshen Cek, da cewa daga christianus ta Latinanci aka aro ta. Maganar ba ƙarya ba ce, amma a ganinmu ta tsallake abin da manazarci ya fi bukata, wato yadda harshen ya sarrafa baƙuwar har ta zama ƴar gida.

Mu dubi sauti. Sunan Almasihu a wannan harshe Kristus ne, da r, alhali křesťan tana da ř. Wannan baƙi ya samu ne cikin ƙarni na 13, lokacin da r mai taushi ta rikiɗa. Ke nan kalmar ta riga wannan sauyi shiga bakin jama'a, shi kuwa Kristus ya riƙe siffarsa ta littafin coci. Tarihi bai saɓa wa haka ba: an yi wa sarakunan Bohemiya 14 baftisma a Regensburg a 845, Kirilus da Metodiyus kuma suka iso Morabiya a 863. Wasalin e shi ma shaida ne, don irinsa ne ke cikin křest, baftisma, kalmar da masu harshen suke ji tamkar ita ce saiwar křesťan.

Nahawu ya ƙara tabbatar da zaman gidan. Ƙarshen kalmar, -an, ya dace da ɗafa-ƙeyar sunayen mazauna wuri, kamar Pražan, mutumin Prag, da měšťan, ɗan birni. Saboda haka jam'inta křesťané ne, kamar Pražané, tamata kuma křesťanka. Tana sauya ƙarshe bisa matsayinta a jimla: křesťana in ita ce karɓau, křesťane in kira ake yi. Da ƙaramin harafi ake rubuta ta, Pražan kuwa da babba. Masu tsara ƙa'idojin rubutu sai su lura.

Gajeren bayanin ya kuma ɓoye sauyin ma'ana. Ƴar'uwarta ta Rashanci, krest'janin, manomin ƙauye take nufi yau. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu: Nasara ta zo daga Larabci da ma'anar Kiristoci, amma a Maraɗi ko Damagaram in an ce anasara, Bature ake nufi. Ƙamusun Hausa da ya rubuta «daga Larabci» a gabanta ya yi shiru bai gaya wa malamin yaƙi da jahilci yadda addini ya koma launin fata ba.