Amon Sakkwato a Faifan Farko na Mdou Moctar

Manazarta kiɗa na ƙasashen Turai da Amurka sukan jera Mdou Moctar, Buzun nan ɗan jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, a sahun makaɗan jita mai rugugi. Hujjarsu ita ce faya-fayansa na baya-bayan nan, wato Ilana (2019) da Afrique Victime (2021) da Funeral for Justice (2024). Abin da ba su cika tsayawa a kansa ba shi ne, a birnin Sakkwato aka ɗauki faifansa na farko, Anar, cikin shekarar 2008.

Duk wanda kunnensa ya saba da waƙoƙin nanaye na finafinan Hausa zai gane hannun da ya sarrafa wannan faifai tun daga tashin farko. Babu makaɗin ganga. Na'ura ce ke riƙe da kari. Muryar mawaƙin kuwa an ratsa da ita cikin na'urar gyaran murya har ta yi siriri tana karkarwa, tamkar dai yadda ake yi wa zabiyoyin sutudiyo a Kano a wancan zamani. Jitar tana nan, amma rakiya take yi. Kalmomin Tamashek su ne a gaba, kuma wannan tsari ne da Bahaushe ya sani tun daga makaɗan fada: kiɗa bawan magana ne, ba ubangidanta ba.

Faifan bai bi ta kanti ba. Ta katin waya ya yaɗu, daga hannu zuwa hannu, har waƙar “Tahoultine” ta shiga tarin da kamfanin Sahel Sounds ya fitar a 2011. Sai a 2014 kamfanin ya buga Anar ɗin kansa.

Daga nan ma'auni ya juya. A Ilana, wanda aka ɗauka a Amurka da cikakkiyar ƙungiya, ganga ta hannu ta maye gurbin na'ura, jitar lantarki ta ƙwace jagoranci, murya ta koma baya. Shi da kansa ya sha ambaton tasirin Eddie Van Halen a kan yadda yake sarrafa tsirkiya.

A ganin mai wannan nazari, kuskure ne a ɗauki Anar a matsayin rarrafe, a ɗauki rugugin baya a matsayin balaga. Ƙashin bayan kiɗan bai sauya ba: gajeren zubi ne ake nanatawa, ana ƙara masa sauri da zafi har ya tumbatsa. Riga kawai aka sauya. An kuma yi hasarar wani abu a hanya, domin taushin nan na bege da muryar Sakkwato ta ɗauko, wanda ya sa matasan Sahara suka riƙa tura waƙoƙin a wayoyinsu, da wuya a tsinto shi a ƙarƙashin tsawar jitar Funeral for Justice.