Faɗi ba ganin duka ba ne

Kalmar "fanorama" daga Girkanci ta fito: pan, duka, horama, abin da ido ya gani. Wai ganin komi ke nan. To ku buɗe littafin Wall na Josef Koudelka, ɗan ƙasar Cek, wanda ya fito a 2013, ku ga yadda sunan ya yi ƙarya.

Irin kyamarar da ya yi suna da ita, Fuji mai 6x17, fim 120 ake sa mata. Kowane hoto santimita 6 a tsaye, 17 a kwance, naɗi guda hoto huɗu kacal. Huɗu fa! Mu da muke cika waya da hoto talatin kafin shayi ya tafasa. Dole mutum ya tsaya ya jira haske, kuma jiran nan ya nuna a aikin.

Katangar da Isra'ila ta gina a Yammacin Kogin Jodan ya ɗauka. Ta shigo ta hagu, ta fita ta dama, ido ya rasa kafar da zai bi. Nan kam na sallama mishi.

Amma ina mutane? Ina mai zaitun da aka raba da gonarshi? Siffar nan mai faɗi ta fi son siminti da ƙayar ƙarfe. Baƙi-da-farin kuma ya yi kyau har ya wuce kima. Na kama kaina ina yaba inuwar katanga, sai da na ji kunya. Wanda ya kutsa cikin taron Prag a 1968, gaban tankokin Sobiyet, a nan ya ja baya har ɗan Adam ya koma ɗigo, ko ya ɓace.